Ƙararrawar da Tomeji Ya Ƙi Cirewa

A ƙauyenmu na Uwasawa, ranar da dusar ƙanƙara ta kwanta ta ƙi narkewa, ranar kowa yake cire ƙararrawarsa. Daga tohowar ganye har ƙarshen kaka ba mai shiga daji sai da ita a ƙugu, don beyar ya ji tahowar mutum ya kauce. Wanda ya taɓa ganin abin da farcen baƙar dabbar nan yake yi wa fuska ba sai an tuna masa ba. Amma da ƙasa ta yi fari fat, beyar ya shige raminsa ya kama barcin wata huɗu, sai a goge ƙararrawa da mai, a naɗe ta a tsumma, a jefa ta cikin akwati. Haka na tarar ana yi lokacin da aka kawo ni garin ina amarya 'yar shekara ashirin da biyu. Haka kuma kowa ya ci gaba da yi, in ban da Tomeji a shekarunsa na ƙarshe.

Tomeji maƙwabcina ne na shekara hamsin da uku. Gidansa ne na ƙarshe, bayansa sai dajin itatuwan sugi, tsakaninsa da namu kuwa taku sittin ne. Na san adadinsu don a kansu muka ƙare ƙuruciyarmu muna faɗa. Ƙa'idar garin ita ce, duk safiyar da aka tashi da sabuwar ƙanƙara, kowane gida zai ɗaura kanjiki a ƙarƙashin takalmi, zoben reshen nan mai faɗi da ke hana ƙafa nutsewa, ya tattake hanya har rabin tazarar da ke tsakaninsa da maƙwabci. Ni na ce rabin a falwayar wuta yake. Shi ya ce a bakin kwalbati ne, taku huɗu kusa da ƙofarsa. Saboda haka kullum sai a bar taku huɗu ba wanda ya taka, mai kawo wasiƙa ya zo ya zurma har cinya yana zaginmu mu duka.

"Matar Genzo," in ji shi daga bakin kwalbatinsa, "ƙafar taki ta zinariya ce da ba za ta ƙara taku huɗu ba?"

"Taka ce ta ƙwai, Baban Chizuru? Taka mu ga ko za ta fashe."

Mijina Genzo, kafin ya rasu, yakan lallaɓa ya tattake wurin don a zauna lafiya. Shekara da shekaru ina ganin Tomeji ne ya sauko, shi ma yana ganin ni ce na sauko, kowa yana yi wa ɗan'uwansa kallon wanda aka ci da yaƙi.

Tomeji ɗan mai ƙona gawayi ne. A daji ya yi wayo, yana ɗan shekara goma sha biyar ya fara jan gungume da doki a kan ƙanƙara. Da gas ya shigo gidaje aka daina sayen gawayi, sai mazan garinmu suka koma tafiya Tokyo aikin gini duk hunturu, su bar mu da yara da tsofaffi da rufin gida da za a kwashe wa ƙanƙara. Hunturu ashirin da biyu Tomeji ya yi a can. Wasu suna dawowa da labarin fitilu da jiragen ƙasa, shi kuwa abu ɗaya yake dawowa da shi: wai an sace masa hunturu. Har ya tsufa in ya ɗan sha giyar shinkafa sai ya ce, "Ashirin da biyu, Kinue. Ban ga dajin nan da farar rigarsa ba sau ashirin da biyu." Ni kuwa da na sha kwasar farar rigar da shebur sai in ce masa ya zo ya ɗebi nawa in yana so.

Ya daina tafiya Tokyo da shekara uku matarsa Fumino ta rasu. 'Yarsu ɗaya, Chizuru, tana aure a birnin Sendai. A shekarar ne wani mutum daga bayan dutse ya kawo masa kwikwiyo a cikin kwali, fari tas, mai nannaɗen wutsiya. Ya sa masa suna Kabu.

Ban taɓa ganin kare marar magana irin Kabu ba. Ba haushi, ba kuka. In baƙo ya zo sai ya tsaya ya zuba masa ido har baƙon ya ji kunya. Kowace safiya bayan karin kumallo su biyu za su bi ta bayan gida su hau dajin, har tsohon murhun gawayin baban Tomeji, su dawo, tafiyar kamar sa'a ɗaya da rabi. Ba igiya. Chizuru ta taɓa aiko da wata jar igiya mai kyau daga birni, Tomeji ya duba ta sama da ƙasa, ya ce ƙarfinta ya yi, ya rataye kayan miya da ita a ƙarƙashin rufi.

"Wanda aka ɗaure ai ba rakiya yake yi maka ba," in ji shi. "Ni ma an ɗaure ni a Tokyo, na san yadda abin yake."

Ina son kallonsu ta tagar kicin, ko da yake da an tambaye ni a lokacin zan ce ina duba sararin sama ne. Karen zai faɗa cikin sabuwar ƙanƙara har ƙirji, ya cusa hanci ya fito da gemu fari, ya zagaya itace a guje ya dawo ya bangaji gwiwar tsohon. Tomeji kuwa, mutumin da ban taɓa jin dariyarsa a cikin gari ba, sai ka jiyo ta daga cikin itatuwa.

Garin dai yana ta ƙarewa. Gida arba'in da ɗaya na tarar, muka koma tara. Aka rufe makaranta, aka daina zuwa da motar haya sai sau biyu a mako. Chizuru ta fara matsa wa babanta ya koma wurinta, ga ɗaki ta gyara masa, ga asibiti kusa. Sai dai a benen da suke ba a ajiye kare. Suka yi ta ja har wata rana a gabana, muna shan shayi, ta ajiye kofi ta ce:

"To Baba, ga sharaɗi. Muddin kana iya kai Kabu murhun Kaka ka dawo da ƙafarka, na bar ka. Ranar da ka kasa, ba gardama, ka shiga mota. Goggo Kinue, ke ce shaida, kuma ke ce idona a nan."

Na ce na ji. Shi ma ya ce ya ji.

Hunturun da ya cika saba'in da takwas, ƙanƙara ta kwanta, kowa ya ajiye ƙararrawa, sai ga ta Tomeji a wuyan Kabu. Da safe ƙil-ƙil-ƙil sun hau, can anjima ƙil-ƙil-ƙil sun sauko. Mutane suka samu abin yi. Mai shagon gari ya ce, "Tomeji, tashin beyar kake so ka yi ya zo ku sha shayi?" Wata ta ce ko karen ne ya shiga makaɗan biki. Shi dai ya ce karensa ne, wuyansa ne. Hunturu na biyu da aka sake jin ƙararrawar, dariya ta ragu, aka koma raɗa. A garinmu in tsoho ya fara sa ƙararrawa cikin ƙanƙara, ko ya fito da laujen girbi a watan ɗaya, an san abin da ake nufi: kwanakin shekara sun fara cakuɗe masa.

Wannan raɗar ce ta dame ni. Chizuru za ta zo sharar sabuwar shekara, kuma a garin nan aka haife ta, ta san ma'anar ƙararrawa a hunturu sarai. Na ce a raina tana jin wannan ƙil-ƙil ɗin za ta ce Baba ya fara ruɗewa, ta manta da sharaɗi ta naɗe shi sai Sendai. Duk faɗan da muke yi ban shirya ganin tagarsa ba hayaƙi ba. Don haka ranar da ta iso, da yamma ana hidimar sauke kaya, na kira Kabu da guntun busasshen kifi, na kwance ƙararrawar, na cusa ta a aljihun rigar aikina. Na koma gida ina jin daɗin kaina, wai na yi dabara.

Washegari aka tashi da sabuwar ƙanƙara har gwiwa. Ina tattake rabona sai ga Tomeji ya fito, ya sunkuya ya shafa wuyan karen, ya sake shafawa. Chizuru tana bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Na matso har falwaya na ce ƙasa-ƙasa:

"Ni na cire. Ka gode mini daga baya."

Ya ɗago fuska wajena. Ya buɗe baki, sai Chizuru ta ce, "Baba, yau ƙanƙarar da yawa, ko za ka haƙura?"

"Haƙuri da me? Wannan da ba ta fi barbaɗin garin shinkafa ba?" Ya ɗaure kanjikinsa, ya ce, "Kabu, mu je."

Sa'a ɗaya da rabi ta wuce. Biyu ta wuce. Chizuru tana can tana fama da tagogi da tsumma, ba ta duba agogo ba, ni kuwa na duba ya fi sau ashirin. Na ɗauki ƙaramar adda na leƙa na ce mata zan je saro reshen ado na ƙofa, na bi bayansu.

Sawun da na gani a farkon dajin daidai yake: na kare a gaba, faffaɗan na kanjiki a kansa. Da na wuce ƙaramar gada sai sawun ya rabu. Na Kabu ya miƙe kan hanya. Na Tomeji ya karkata hagu, ya dawo, ya sake karkata, kamar na wanda ya sha ya yi tatul. A jikin kowane itace da ya wuce akwai shatin safar hannu inda ya dafa. Sawun karen kuma ya yi ta zuwa wurinsa yana komawa hanya, zuwa da komawa, har wurin ya zama kamar an yi sussuka. Hagun nan kuwa kwazazzabo ne, a ƙasansa rafi yake gudu a ƙarƙashin ƙanƙara.

Na hango shi rungume da wani sugi, taku biyar tsakaninsa da gaɓa. Yana kira, "Kabu! Kabu!" yana fuskantar kwazazzabon. Kabu kuwa ga shi nan a bayansa, taku goma, tsaye a kan hanya yana kaɗa wutsiya. Da ya ji kira sai ya zo ya taɓa gwiwarsa da hanci, ya koma kan hanya ya tsaya yana jira. Tomeji ya miƙa hannu, ya kama iska.

Na ɗaga ƙafa da sauri, ƙararrawar da ke aljihuna ta yi ƙara. Nan take ya juyo gaba ɗaya, fuskarsa ta washe irin yadda ban taɓa gani ba, ya saki itacen ya nufo ni kai tsaye.

"Yauwa ɗan kirki, ina ka samo ta? Tsaya nan, ga ni nan."

Yana taku uku da ni, idonsa a buɗe a kaina, yana kirana da sunan kare. Na zauna daɓas a cikin ƙanƙara.

"Ni ce, Baban Chizuru."

Ya tsaya cak. Can ya ce, "Af. Uwar 'yan shisshigi."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu. Tsakiyar idon ce ta mutu, gefe-gefe nake gani. A cikin gida na san inda komai yake. Da rani ma ina lallaɓawa, ƙasa baƙa, ganye kore. Amma in ƙanƙara ta sauka, Kinue, kamar an kifa mini kwanon madara a fuska. Ga shi kuma ɗan banzan karen fari ne."

Sai a lokacin abubuwa suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Ya daina karɓar jarida, wai duk ƙarya ce. Ya ba wani ƙaramar motarsa, wai ya gaji da warin fetur. Ya taɓa zuba mini shayi a gefen kofi ya ce kofin ne ya karkace. Ni da aka naɗa idon Chizuru, ga abin da idon nawa ya gani: tsoho mai taurin kai.

Tsoro ya juye mini ya zama faɗa, kamar yadda ya saba. "To da ka ji babu ƙararrawa don me ka fito? So kake ka mutu a ɗora mini?"

"In ce me a gabanta? In ce a ba ni ƙararrawa don ba na ganin karena?"

"To ka sa masa igiya mana, mutumin nan! Ga ta can ka rataye albasa da ita."

"Ba ki san kare ba. In na sa masa igiya gefena zai koma yana bin ƙafata, ni da ban san inda nake sa ta ba. In yana sake, shi yake nemo tsohuwar hanya da tafinsa, inda muka taka jiya ya yi tauri a ƙasa. Ya yi gaba taku goma, in ya ji na tsaya ya tsaya. Ba ni na koya masa ba. Shi ya gane kafin ma in yarda da abin a raina." Ya share hanci da bayan safa. "Za ki gaya mata?"

Na durƙusa na mayar wa Kabu ƙararrawarsa. Karen ya girgiza wuya, ya yi gaba, tsohon ya bi ƙarar, ƙafarsa tana sauka daidai kan hanya kamar mai ido huɗu. Na biyo su a baya ina kuka ba sauti, ina jin haushin kaina, ina jin haushinsa.

Chizuru tana tsaye a bayan gida da muka fito. "Lafiya kuka daɗe haka? Goggo, ina reshen? Wannan kuma ƙararrawar mece ce a watan sha biyu?"

Na ji bakina yana cewa, "Uban naki ne ya tsare ni da gardama har na manta abin da ya kai ni. Ƙararrawa kuwa ni na sa shi ya ɗaura. Beyar ɗin yanzu ba irin na da ba ne, sanyin ya ragu, wasu ba sa barci. Ni ma gobe da tawa zan fita."

Ta dube ni, ta dubi babanta, ta yi dariya ta ce tsufa dai ya kama mu tare.

Na kuwa fita da ita. Na ciro ƙararrawar Genzo daga akwati na ɗaura a ƙugu, da ita nake zuwa shago, da ita nake zuwa zubar da shara. Garin ya samu mahaukata biyu maimakon ɗaya, kuma da yake kowa yana tsoron bakina, raɗar ta mutu. Na shiga karanta masa wasiƙunsa da sunan gulma. Na shiga leƙa tukunyarsa da sunan raina girkinsa. Taku huɗun nan kuma na tattake su, har na zarce zuwa ƙofarsa. Safiyar farko da ya ji hanya a take ya tsaya a bakin kwalbati ya ce, "Ashe dai kin yarda nan ne rabin."

"Ban yarda ba. Ƙafata ce ta zame."

Hunturu huɗu muka yi a haka. Ba zan ce na yi daidai ba. Duk safiya ina tsaye a taga daga lokacin da ƙarar ta shige daji har ta fito, shinkafa ta sha ƙonewa a kan wuta. Duk ranar Lahadi Chizuru ta bugo waya ta ce, "Goggo, yaya Baba?" in ce, "Garau, ya fi ni," in ajiye wayar. Amma kuma ina jiyo dariyar nan daga cikin itatuwa. Mutumin da aka sace wa hunturu ashirin da biyu, na ce ba da hannuna za a ƙwace masa sauran ba.

Kabu ya mutu da kaka, ana girbin shinkafa, yana da shekara goma sha huɗu. Ya kwanta a bakin ƙofa inda rana ke sauka, bai tashi ba. Tomeji ya haƙa masa rami a bayan gida da kansa, bai bar kowa ya taɓa shebur ɗin ba. Ya ci gaba da hawa dajin da sanda shi kaɗai, tunda ƙasa tana nan baƙa. Ba mu yi maganar hunturu ba ko sau ɗaya.

Ranar da ƙanƙara ta kwanta, da sassafe na ji ana buga ƙofata. Shi ne, da kanjiki a ƙafa, da ƙararrawar Kabu a tafin hannu.

"Ajiye ta Genzo, muryarta ba daɗi. Ɗaura wannan ki wuce gaba."

"Yau kuma ni ce karen?"

"Ina fa. Kare ai yana da ladabi."

Na ɗaura. A bakin daji na kai hannu zan kama damtsensa, ya janye.

"Kada ki riƙe ni. Shi ban taɓa riƙe shi ba, bai taɓa riƙe ni ba. Taku goma a gaba. In kin ji na tsaya ki tsaya."

Muka shiga. Dajin shiru, sai ƙil-ƙil a ƙuguna da numfashinsa a bayana. Ƙanƙarar farko ce, babu takakkiyar hanya a ƙasa, ni kuma rabona da zuwa murhun nan tun ina ɗaukar itace a baya. Ba mu yi nisa ba na fara dube-dube.

"Kin yi hagu da yawa," in ji shi daga baya. "Dawo dama. Akwai saiwa a gabanki, ɗaga ƙafa."

Na ɗaga, saiwar kuwa tana nan. "To wai wa yake jan wani a nan?"

"Ki yi shiru ki yi tafiya. Shekara goma sha huɗu Kabu bai yi surutun da kika yi daga gada zuwa nan ba."

Da muka isa, ya share ƙanƙara daga kan duwatsun murhun, ya ɗora tafinsa a kai na ɗan lokaci. Ya zauna, ya ciro dunƙulen shinkafa daga ƙirjinsa, ya raba biyu, ya miƙo rabi ƙasa-ƙasa, daidai tsayin bakin kare. Sai ya tuna, ya ɗaga hannun sama kaɗan. Na karɓa na ci, da ɗuminsa.

"Jiya na kira Chizuru," in ji shi. "Na gaya mata duka. Da azahar za ta iso."

Na juyo na dube shi. "Don me? Ai ga shi mun zo. Kullum sai in kawo ka, me nake yi da safe?"

"Sharaɗin cewa aka yi in kai Kabu. Babu Kabu." Ya juya fuska wajen itatuwa. "Ke kuma gwiwarki tana ƙara fiye da ƙararrawar, tun daga gada nake jinta. Na ci huɗu a hannunki, Kinue. Sauran goma sha takwas da nake bi, na yafe."

Wannan ce godiyar da ya yi mini, ban kuma nemi wata ba.

Chizuru ta zo gidana kafin su tafi. Ba ta cire takalmi ba, a bakin ƙofa ta tsaya.

"Goggo, shekara huɗu?"

"Huɗu."

"Da ya faɗa kwazazzabo fa?"

"Da ni na kashe shi. Kowace safiya na san haka."

Ta daɗe tana kallona, idonta jawur. Sai ta sunkuyar da kai ƙasa sosai, ta jima a haka, ta juya ta fita. Har yau ban sani ba ko godiya ce ko sallama ce, kuma ban ga laifinta ba ko wacce ce. Na kai ƙararrawar bakin mota zan ba Tomeji, ya ce a Sendai wa zai bi. Ya rufe ƙofa.

Shekara biyu ya yi a can ya rasu, cikin watan biyu, a ɗaki mai ɗumi a hawa na shida. Gidansa yana nan, rufin ya fara lotsawa. Mu biyar muka rage a garin.

Ƙararrawar tana wurina. Duk rani tana cikin akwati a naɗe, don ban ƙara shiga daji neman ganye ba. Ranar da ƙanƙara ta kwanta, kowa yana ajiye tasa, ni ranar nake ciro ta in ɗaura. In tattake hanya har falwaya, in ƙara huɗu zuwa kwalbati, in zarce bayan gidansa zuwa bakin itatuwa, iyakar inda gwiwa ta yarda. Na san abin da ake faɗa a kaina a shago, ban damu ba. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, in na yi taku goma nakan tsaya in saurara ko ana biye da ni.